Ƙofa Huɗu Gare Ta, Baba

A makon da ya gabata na miƙa akwatin makullai ga yaron da zai gaje ni, na karɓi takardar sallamata, na fito daga ma'arad ɗin sayar da motoci da na yi wa aiki shekara tara a kudancin Jidda. Waɗanda suka san wannan unguwa ba sa bukatar in ba su labarin goge ƙura da asuba, ko jeka-ka-dawo tsakanin wurin fahas, inda hukuma take gwada lafiyar mota, da ofishin inshora, ko zaman jiran saƙon Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kafin a sauya sunan mai mota a istimara, wato takardar rajistar mota. Wasu daga cikin 'yan'uwanmu da suke shigowa wannan sana'a sun nemi in rubuta musu abin da na koya, na kuma zauna da niyyar jera abubuwa masu yawa, amma da na ɗauki alƙalami sai na tarar ciniki ɗaya tak ya danne sauran, don haka a kansa zan fi daɗewa.

A shekarata ta farko na ɗauka cewa bambancin da ke tsakanin motar tsere ta alfarma da motar salun bai wuce ƙidayar ƙofa ba, wannan biyu, waccan huɗu. Haka ma tsarin wurinmu yake nunawa. Gajerun motocin nan masu kama da kwaɗo ana jera su a sahun gaba, bayan gilashi, inda fitila take haska su har mai wucewa a titi ya rage gudu, su kuwa Camry da Lexus da Mercedes suna baya, sahu-sahu, ƙarƙashin rumfar kwano. Mudir ɗinmu, wato manajan wurin, yakan ce na gaba su ne suke jawo mutane ciki, na baya kuma su ne suke biyan kuɗin haya. A wannan maganar ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Sai da na yi shekaru ina shiga ina fita a cikinsu, ina matsar da su safe da yamma, sannan jikina ya fara gaya mini abin da idona bai gani ba. Porsche 911, wadda aka fara nuna wa duniya a Frankfurt a 1963, injinta yana can bayan tayoyin baya, shi ya sa hancinta ya kwanta, ƙugunta ya buɗe, rufinta kuma ya gangaro baya kamar tudun rairayi. Ta zamanin nan daga ƙasa zuwa rufi kusan mita 1.3 ce, tsakanin tayar gaba da ta baya kuwa santimita 245. Lamborghini Huracán ko mita 1.2 ba ta kai ba, babban mutum yana tsaye zai iya ɗora tafin hannunsa a kan rufinta ba tare da ya ɗaga kafaɗa ba. Doguwar Mercedes S-Class kuwa tazarar da ke tsakanin tayoyinta ta haura mita uku, tsayinta ya kusa mita ɗaya da rabi, but ɗinta yana cin fiye da lita 500, alhali ɗan akwatin da ke hancin 911 lita 132 ne, wurin ƙaramar jakar tafiya da jarkar zamzam. Wanda ya zana motar tsere ya fara ajiye injin a inda nauyi zai daidaita, ya tsara yadda iska za ta bi ta kanta, sannan ya duba ɗan gurbin da ya rage ya cusa mutum a ciki. Wanda ya zana salun ta alfarma ya fara zaunar da mutum, musamman na kujerar baya, ya auna kansa da gwiwarsa da inda zai miƙe ƙafa, sannan ya gina mota ta kewaye shi. Saboda haka a ɗaya mutum ne yake rusuna wa mota, a ɗayar kuma mota ce take yi wa mutum ladabi, kuma duk sauran abubuwan da suka shafi mallakarsu, daga kuɗin taya har zuwa irin titin da za a iya bi da su, daga nan suka samo asali.

Da a ce iri biyun nan kaɗai ake da su, da aikin dillali ya yi sauƙi. Amma akwai na tsakiya, kuma su ne suka jawo mini abin da ya same ni. Tun a 1963 Maserati ta fara ƙera Quattroporte, wadda ma'anar sunanta da Italiyanci ƙofa huɗu ce kawai. A 2004 Mercedes ta fito da CLS, salun mai rufi irin na motar ƙofa biyu, a 2009 Porsche ta kawo Panamera, shekara guda bayan haka Aston Martin ta fara sayar da Rapide. Ferrari kuwa ta daɗe tana turjewa, sai a 2022 ta bayyana Purosangue, motarta ta farko mai ƙofa huɗu. Panamera ta farko ta sha ba'a saboda doron da ke bayanta, ni ma ina cikin masu yi mata dariya a lokacin, har aka gyara zubin nata a sabon samfurin 2016. Daga baya ne na fahimci cewa doron nan wurin kan mutumin baya ne, masu ƙirar sun ƙi su sadaukar da shi saboda kyau, suka bar gaskiya a fili kowa yana gani. Wasu motocin ajin nan kuwa sun zaɓi kyau, suka matse rufi, suka rage bakin ƙofar baya, suka dasa kujera kusa da ƙasa. Ba laifi ba ne, domin an yi su ne saboda mai tuƙa kansa wanda yake ɗaukar aboki ko yara jefi-jefi. Laifin yana wurin wanda ya san haka ya yi shiru.

Daga Satumbar 2018, lokacin da dokar fifita 'yan ƙasa a ayyukan sayarwa ta shafi wuraren sayar da motoci, aka mayar da ni baya, wurin karɓar motoci da shirya su. Amma duk ranar da baƙo daga Afirka ya shigo, ko wani daga cikin Hausawan Makka da Madina, sai mudir ya aika a kira ni in zo in yi tafinta. In ciniki ya faɗa yakan ba ni la'ada a hannu, babu takarda, babu shaida, ni kuma ina murna, ban taɓa tambayar kaina ranar da wannan rashin takarda zai juyo kaina ba.

A farkon 2020 muka karɓi wata baƙar mota mai ƙofa huɗu, ƙirar Turai, mai irin wancan gangararren rufi, da wili inci 21 da tayoyi sirara kamar an shafa roba a jikin ƙarfe. Ba zan faɗi sunan kamfaninta ba, domin waɗanda suka ƙera ta ba su yi wa kowa ƙarya ba. Kyakkyawa ce ta gaske, irin kyan ɗan maciji. Ba ta daɗe da zuwa ba korona ta rufe gari, a watan Yuli kuma harajin kayan saye ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, masu kuɗi suka riƙe hannu, motar ta zauna fiye da shekara ba wanda ya taya. Zama kuwa ciwo ne ga irin waɗannan motoci. Shokozobarta mai aiki da iska ce, ta gaba ta hagu ta fara yoyo, duk dare sai motar ta durƙusa ta wannan gefe kamar raƙumin da ya gaji. Umarnin da aka ba ni shi ne in tayar da ita kowace rana kafin a buɗe ƙofa, injin hura iska ya ɗaga ta, ta tsaya cak har zuwa tashi. Lambobi huɗun da ke jikin tayoyinta, waɗanda biyun farko suke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar, sun nuna cewa sun tsufa ko da zanensu bai suɗe ba. Na gaya wa mudir duka biyun. Ya ce motar ta ci fahas, abin da ya rage kuma tsakanin mai saye ne da rabonsa.

Wani dare bayan sallar isha, lokacin da kasuwar Jidda take buɗe ido, wani dattijo ya shigo da ɗansa saurayi. Sanye yake da farar jallabiya da gutura da igal, wato mayafin kai na Larabawa da baƙar igiyar da take riƙe shi, ba wanda zai ce ba Balarabe ba ne, sai da ya ji ina amsa waya da Hausa ya tsaya ya jira na gama.

Ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Kano, Baba."

Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce shi haifaffen Makka ne, kakansa daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri kafin ya tsallako teku daga Sawakin. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, mai kalmomin da ni kaina rabona da jin su tun bakin kakata, da Larabci yana ratsa ta nan da can. Tun daga wannan lokaci ya daina kallon mudir, ni kaɗai yake yi wa magana, kuma bai sake kirana da komai ba sai "ɗana".

Bukatarsa a fili take. Mahaifiyarsa ta haura shekara tamanin, gwiwoyinta sun ƙi, kuma duk mako ana kawo ta asibiti a Jidda daga Makka, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba amma tana gajiyar da ita. Akwai wata farar Lexus ES a sahu na uku, a kanta idonsa ya tsaya. Ɗan kuwa tun shigowarsu yake zagaya wata jar mota mai ƙofa biyu a sahun gaba, yana ɗaukar ta hoto. Mudir ya lura da wannan kafin ni. Ya ja ni gefe ya ce baƙar motar nan ita ce za ta sasanta uba da ɗa, ɗa ya sami zubin da yake so, uba ya sami ƙofa huɗunsa, kuma idan na fitar masa da ita a daren nan la'adata ninki biyu ce. A lokacin ina da kuɗin sabunta iƙamar iyalina, wato takardar izinin zama, a wuya. Na faɗi wannan ne don a san halin da nake ciki, ba don ya wanke ni ba.

Na kai su wurinta. Na buɗe wa Alhaji ƙofar gaba, ya zauna, ya shafa fatar kujera, ya shaƙi sanyin na'ura, na tayar da injin ɗan ya ji kukansa har ya dafa kai. Kujerar gaba ta irin wannan mota ba ta da makusa. Ni kuwa duk tsawon lokacin ina tsaye ne a jikin ƙofar baya, na jingina da ita, kuma har yau ina iya jin sanyin ƙarfenta a bayana. Alhaji ya ɗago kai ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, za ta yi wa tsohuwa?"

Na ce, "Ai ƙofa huɗu gare ta, Baba."

Babu harafi ɗaya na ƙarya a cikin wannan amsa, kuma na zaɓe ta ne saboda haka. Ya gyaɗa kai ya ce tunda ɗan gida ya faɗa, shi ke nan. Bai nemi a kai ta wurin bakanikensa ba, bai yi dogon ciniki ba. Washegari aka sauya istimara, na karɓi la'adata a cikin ambulan.

Bayan kwana goma sha biyu ya kira ni a waya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce suna asibiti a Jidda, in ina da hali in zo in gaida Hajiya. Na same su a wurin ajiye motoci, tsohuwa tana kan keken guragu, 'yar farar tsohuwa mai tasbaha a hannu, baƙar motar kuma tana gefe da ƙofar bayanta a buɗe. Na durƙusa na gaishe ta. Alhaji ya ce in taimaka masa mu shigar da ita. A nan na ga abin da na riga na sani. Kujerar tana ƙasa da keken da take kai, dokin ƙofar yana da faɗi sai an ɗaga ƙafa an tsallaka shi, bakin ƙofar kuma ya rankwafo ta sama, dole mutum ya naɗe gwiwa ya sunkuyar da kai a lokaci guda. Mun yi ta fama, muna tallabe ta tana cije leɓe, igal ɗin Alhaji ya bugi rufi ya faɗi ƙasa. Da ta samu ta zauna, ta huce, sai ta dube ni tana murmushi.

Ta ce, "Jikana, ni da ko ruku'u ba na yi sai a kan kujera, yanzu mota ce za ta sa ni sujada?"

Alhaji ya yi dariya kaɗan saboda ita. Ni ban iya ba. Keken ma da ƙyar ya shiga but, sai da aka cire masa matakan ƙafa.

Da abin ya tsaya a nan, da kunya ce kawai. Amma kafin wata ya cika shokozobar nan ta saki gaba ɗaya a kan hanyar Makka, hancin motar ya zauna a kan taya, tsohuwa tana ciki, da rana tsaka. Sai da suka tare tasi ta ƙarasa da ita gida, aka ɗauko motar a bayan babbar mota. A wakala, wato wurin wakilin kamfanin motar, aka ce sai an yi odar kayan daga waje, kuma bakaniken da ya duba ta ya gaya wa Alhaji cewa wannan yoyo ba na jiya ba ne, ya kuma nuna masa shekarun tayoyin.

Ranar da ya dawo ma'arad, mudir ya tarbe shi da gahawa da dabino, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya buɗe tafukan hannunsa ya ce shi bai ji kalma ɗaya daga abin da muka tattauna ba, da yarenmu muka yi magana, shi dai ya sa hannu a takarda ne bayan an ce masa an daidaita. Ya juyo gare ni a gaban kowa ya tambaye ni ko na sanar da mai saye halin da motar take ciki, kamar yadda ya umarce ni. Bai taɓa ba ni wannan umarni ba, akasinsa ya ba ni. Amma amsar tambayar ita ce a'a, ban sanar ba, kuma Alhaji yana zaune yana kallona. Na ce ban sanar ba. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, sunana ba ya cikin masu sayarwa, iƙamata kuma tana hannun wurin.

An sasanta a kan cewa ma'arad zai sake sayen motar a farashin da ya yi ƙasa sosai da wanda aka sayar, Alhaji ya ɗauki asarar bai ce uffan ba. Ni aka karɓe la'adar, aka kuma riƙa yankar albashina wata uku da sunan kuɗin gyara. Aka sa mata shokozoba ta hannu, aka sauya tayoyi biyu, bayan wata biyu wani saurayi daga Riyad ya saye ta da murna, kuma ita ce daidai da shi. Idan aka haɗa lissafi, mudir ya ci riba sau biyu a kan mota ɗaya, ni da Alhaji muka biya. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma na san wanda nake tsaye a kai. Duk da haka ba zan ɓoye ba cewa na ƙara shekaru a wurin ina gaishe shi kowace safiya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kawo maganar ba, ko da a kaikaice.

Tun daga nan na sauya yadda nake tarbar mai saye. Kafin in nuna masa mota nakan tambaye shi wanda zai zauna a baya, da shekarunsa, da irin titin da ke ƙofar gidansa. Idan ya ce iyaye ne ko iyali, ƙofar baya nake fara buɗewa, in sa shi ya shiga ya fita sau biyu da guturarsa ko hularsa a kai, ya duba ko akwai hancin na'urar sanyi a baya, sannan mu je ga sitiyari. Nakan nuna masa kaurin robar taya, domin ita ce take shanye gargada kafin ta iso ƙashin bayan mutum, kuma ita ce take tsare wili ranar da aka faɗa rami. Mudir ya sha yi mini tsiya cewa na zama likitan ƙashi. Amma a shekarun da suka biyo baya ba a sake dawo da motar da na sa baki a cinikinta ba, kuma shi ma ya san haka.

Wani abin da na lura da shi shi ne, masu sayen motar tsere ta ainihi, mai ƙofa biyu, su ne mafi ƙarancin ƙorafi a cikin duk masu sayenmu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin wannan mutum yana da Land Cruiser a gida, yana da salun da direba, jar motar kuwa ta daren Alhamis ce a titin Tahliya ko Kornish, titin bakin teku. Ya san sai ya karkace kafin ya hau tudun rage gudu, ko ya danna maɓallin da yake ɗaga hancinta, ya san ba zai shiga da ita lungunan Balad ko Hindawiyya ba. Ya kuma san cewa motar da take iya wuce kilomita 300 a awa ba ta da inda za ta yi hakan, domin iyakar gudu a manyan hanyoyi irin ta Makka zuwa Madina 140 ce, kyamarorin Sahir masu kama masu gudu kuma ba sa barci. Abin da yake gudun 300 da izini tsakanin biranen nan biyu jirgin ƙasan Haramain ne. Tun da aka fara tseren Formula 1 a Kornish ɗin Jidda a Disambar 2021 samari suka ƙara yawan zuwa ɗaukar hoto a sahunmu na gaba, amma masu sayen ba su sauya ba. Abin mamaki ma, 'yan tafhit, masu wasan zamiya da mota, da suke wasa da rayukansu a tituna, waɗanda tarar farko a kansu ta kai riyal 20,000, da Camry da Accord da Sonata suka yi suna, motocin kai yara makaranta.

Ciwon motar tsere na zama ne, ciwon salun kuma na aiki. Sabon shiga yakan ga mota mai shekara bakwai da ba ta yi tafiyar kirki ba ya ɗauka ya tsinci dami a kala, bai san batir ya mutu sau da yawa ba, robobi sun bushe, tayoyi sun kwanta ta gefe ɗaya, iskar Jidda mai gishiri da laima kuma ta yi aikinta a ƙarƙashi. Man fetur shi ne mafi ƙanƙantar abin damuwa, tunda tsakanin mai lamba 91 a riyal 2.18 da mai lamba 95 a riyal 2.33 ba wani tazara ba ne ga wanda ya iya sayen motar. Abin da yake karya mutum shi ne taya da burki da inshora, da kuma jira. Ƙofar Camry ko fitilarta, mutum zai je tashlihin Buraiman, inda ake farke matattun motoci a sayar da kayansu, da safe ya dawo da ita kafin azahar. Fitilar motar Italiya sai ta hau jirgi.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai matsakaicin hali da ya ga babbar salun ta Turai mai shekara takwas ana sayar da ita a kuɗin sabuwar Camry, ya ce ai gara ya shiga sahun manya. Farashin irin wannan mota yana tsufa da sauri, kuɗin gyaranta kuwa ba ya tsufa, kayanta na nan a farashin ranar da ta fito daga leda. Na ga ma'aikata da yawa, har da namu, da suka ajiye irinta a ƙofar gida ƙarƙashin tampol suna hawan tasi. Lexus da Camry kuwa kamar zinariya suke a wannan ƙasa, in ka kai haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, da la'asar za ka iya komawa gida da kuɗinka kafin isha. Mutanen nan sun daɗe da sanin darajar faffaɗar salun mai sauƙin gyara, saboda iyali da nisan hanya. Ba banza ba Caprice da Grand Marquis suka cika titunan Hijaz shekara da shekaru, kuma Ford Crown Victoria ta ƙarshe da aka ƙera a 2011 nan Saudiyya aka kawo ta.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk la'adar da ba a rubuta ba kyauta ce, mai bayarwa yana iya karɓe abarsa. Wanda aka kira tafinta ya maimaita da Larabci, da ƙarfi, a gaban mutum na uku, duk abin da ya faɗa da Hausa. A ɗaga darduma a duba ƙarƙashin kujera da ramin safaya, domin Jidda ta ga ambaliya a Nuwambar 2009 da Janairun 2011 da Nuwambar 2022, kuma ba duk motocin da suka sha ruwa ne suka tafi tashlih ba. A bambanta motar da aka ƙera don ƙasashen Khalij, wato Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf, da wadda aka shigo da ita daga Amurka, a gaya wa mai saye tun kafin ya tambaya. Tun da mata suka fara tuƙi a Yunin 2018 na lura sun fi maza tambayar kuɗin sabis kafin su tambayi ƙarfin injin, kuma ban ga wadda ta yi nadama ba.

Bara na sami labarin rasuwar Hajiya daga bakin wani ɗan garinmu mai sayar da turare a Makka. Na yi ta jinkiri, a rana ta uku na hau mota na tafi ta'aziyya. A ƙofar gidan akwai farar Lexus ES, an saye ta a wani wuri, da ƙaramin matashi a kujerar baya ta dama wanda ba a riga an ɗauke ba. Na shiga cikin mutane, na jira layi ya zo kaina, na durƙusa na yi masa gaisuwa, na yi wa mamaciya addu'a. Ya gane ni tun daga nesa. Ya karɓi hannuna da hannu biyu, ya tambayi iyalina, ya sa aka kawo mini gahawa.

Da na tashi tafiya ya ce, "Mun gode, Malam. Allah ya ba da lada."